Gwada Gubar Magungunan Kashe Ƙwayoyin Cuta a Kan Dabbobi: Ina Iyakar Halaccinsa?

Kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik, guba ne da aka nufi ƙwayar cuta da shi. Abin da masu bincike ke son sani kafin a bai wa ɗan Adam shi ne gwargwadon da zai kashe ƙwayar ba tare da ya lahanta mai ɗauke da ita ba. Don haka ake fara gwada shi a kan dabbobi, galibi ɓeraye, sai kuma wani jinsi na daban kamar zomo, kare ko biri.

Gwajin mataki-mataki ne. Da farko a ba dabba maganin sau ɗaya, a sa mata ido na kwana 14. Bayan haka a riƙa ba wasu kullum na kwana 28 ko 90, ana auna nauyinsu da jininsu da fitsarinsu. A ƙarshe a kashe su, a feɗe, a duba hanta da ƙoda da ɓargo da na'urar ƙara girman abu. Akan ba dabbobi masu ciki ma, don a ga ko zai taɓa 'ya'yan. Adadi mafi yawa da bai nuna lahani ba, daga shi ake lissafa abin da za a fara bai wa mutum.

Hujjar masu goyon bayan wannan aiki tana cikin tarihi. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka maganin salfa a cikin wani sinadari mai ɗanɗanon zaƙi, ya fitar da shi kasuwa ba tare da gwajin guba ba. Fiye da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara, saboda sinadarin yana lalata ƙoda. Shekara guda bayan haka, a 1938, ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta tabbatar da lafiyar magani kafin sayarwa. A watan Mayun 1940 kuma, Howard Florey da Ernst Chain a jami'ar Oxford ta Ingila suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayar cuta mai kisa, suka yi wa huɗu allurar fenisilin. Washegari da safe huɗun da ba a yi wa ba sun mutu, sauran suna raye.

Sai dai jikin dabba ba jikin mutum ba ne. Fenisilin ɗin nan yakan kashe ɓeran Masar, domin yana rikita ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa. Wani antibayotik mai suna kuloramfenikol kuwa yakan busar da ɓargon wasu mutane ƙalilan, lahanin da gwajin dabba bai hango ba. A wani ɓangaren, a jikin 'yan kwikwiyo aka ga cewa magungunan dangin sifurofuloksasin na iya lalata guringuntsin gaɓoɓi, abin da ya sa likitoci ke taka tsantsan wajen rubuta su ga yara. Gwajin yana rage haɗari, amma ba ya kawar da shi.

A nan tambayar falsafa take: me ya bai wa mutum ikon ɗora wa wata halitta azaba don amfanin kansa? René Descartes na Faransa ya ɗauki dabba tamkar inji marar tunani. Jeremy Bentham na Ingila, a 1789, ya mayar da ma'aunin ga jin zafi, ba ga hankali ko magana ba. Peter Singer ya ɗora a kan haka a 1975, yana ganin fifita zafin mutum a kan na dabba don jinsi kawai son kai ne, ko da yake ra'ayinsa ya bar ƙofar auna amfani da cutarwa. Tom Regan, a 1983, ya rufe ƙofar baki ɗaya: a wurinsa dabba tana da haƙƙin kanta, kuma amfani komai yawansa ba ya halatta a mayar da ita kayan aiki.

Musulunci ya riƙe abubuwa biyu a lokaci guda. Alƙur'ani ya nuna an hore wa mutum dabbobi don amfaninsa, sannan a Suratul An'am ya bayyana su a matsayin al'ummai kamar mutane. Hadisai ingantattu sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. An hana mayar da mai rai abin koyon harbi, an kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don sauƙaƙa wa dabbar. Kare rayukan mutane yana cikin manyan manufofin shari'a, shi ya sa malamai da dama na wannan zamani suka halatta gwajin magani a ƙarƙashin larura. Amma ƙa'idar fiƙihu ta ce larura ana auna ta da gwargwadonta. Cocin Katolika ma ta tsaya kusa da nan: koyarwarta ta amince da gwajin da bai wuce kima ba, wanda ke taimakawa wajen ceton rai.

Wannan sharaɗi ya dace da abin da masanan Ingila biyu, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma sassauta musu wahala. Tsohon gwajin da J. W. Trevan ya ƙirƙiro a 1927, na neman adadin da ke kashe rabin dabbobin da aka bai wa, yana cin rayuka da yawa, kuma ƙungiyar ƙasashe ta OECD ta cire shi daga jerin ƙa'idojinta a 2002. A ƙarshen 2022 Amurka ta yi dokar da ta janye wajabcin gwajin dabba, ta ba da damar kafa hujja da ƙwayoyin halittar mutum da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje ko da lissafin kwamfuta.

Halaccin gwajin, ke nan, ba na dindindin ba ne. Yana tsaye ne a kan buƙata ta gaske da rashin madadi, musamman yanzu da ƙwayoyin cuta ke ƙara bijire wa tsofaffin magunguna ana neman sababbi. Duk inda aka sami hanyar da ta wadatar, ko aka maimaita gwajin da an riga an san sakamakonsa, ko aka bar dabba cikin zafin da za a iya rage mata, hujjar larura ta faɗi, abin da ya rage kuwa zalunci ne.