Takardar Neman Kwangila: Da Wa Kake Ciniki?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi da ka yi wa kamfaninka rajista, ka ga sanarwa a jarida cewa wata ma'aikata tana neman wanda zai kawo mata kaya, ka zauna za ka cika takardu: neman kwangilar gwamnati halal ne. Ciniki ne, riba kuma ba laifi ba ce. Amma kafin ka ɗora alƙalami ka tambayi kanka, da wa kake wannan cinikin?

Ba da darakta kake yi ba, ba kuma da sakataren kwamitin ba da kwangila ba. Waɗannan wakilai ne. Mai kuɗin ita ce jama'a. Wakili kuwa a shari'a ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. Saboda haka in ma'aikaci ya ce maka, "Ƙara kaza a kan farashi, mun yarda," yardarsa ba ta halatta maka kobo ɗaya ba.

Mu ƙaddara bencina 500 za a saya wa makarantun firamare a kan naira miliyan 20, watau dubu 40 kowane ɗaya. An ce maka kashi 10 cikin ɗari na "oga" ne. Miliyan 2 ke nan, kuɗin benci 50. In yara uku ke zama a kan kowane benci, yara 150 ka zaunar a ƙasa. In kuwa ka cika adadin, to a jikin katako za ka fanshe, ka sa ɗanye, damina ɗaya ya wargaje. A cikin Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Samfurin da ka kai ofis shi ne saman tarin, kayan da ka sauke a ƙauye su ne ƙasansa.

Akwai wata dabara wadda samari da yawa ba su ɗauke ta zunubi ba. Ana son a ga an yi takara, sai mutum ɗaya ya shigar da takardu uku da sunan kamfanoni uku, biyu da farashi mai tsada da gangan, don na ukun ya ci. Ko abokinka ya ce, "Don Allah ara mini takardun kamfaninka, rakiya kawai za ka yi mini." Kai kuma ka ga zumunci ne. To ka sani Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, watau mutum ya taya kaya ba don yana nufin saye ba, sai don ya yaudari mai saye na gaskiya. Ɗan rakiyar nan me ya raba shi da mai najashi? Ya shiga takarar da ba ya nufin ci, don a yaudari mai kuɗi. Ya kuma sa hannu da hatimi a kan ƙarya. Hakanan takardar shaidar biyan haraji ta jabu, da jera ayyukan da ba ka taɓa yi ba, da rubuta sunan injiniyan da bai ma san da kai ba: duk shaidar zur ce, ita kuwa tana cikin manyan zunubai.

Ko dokar ƙasa ba ta ƙyale ba. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a buɗe takardun 'yan takara a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta lissafta haɗa baki a takara cikin laifuffuka, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara. Ciwon kuwa tsoho ne. Tun a juyin mulkin Janairun 1966 aka ambaci 'yan kashi goma, a 1975 kuma ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka cushe tashar Legas saboda odar da ta wuce hankali.

Na san abin da za ka ce: "Malam, in ban bayar ba wani zai bayar, ni kuma ina da iyali. Ai malamai sun yi sauƙi a wurin lalura." Gaskiya ne wasu malamai sun ce wanda aka danne wa haƙƙinsa, ba shi da wata hanyar karɓa sai ya ba da wani abu, zunubin yana kan mai karɓa. Amma duba da kyau. Wannan magana ce a kan haƙƙin da ya riga ya tabbata, kamar wanda ya gama aiki cif, aka kulle fayil ɗinsa a durowa aka ƙi biyansa. Kai da kake matakin nema, wane haƙƙi ne naka? Kwangilar ba ta zama taka ba tukuna. Abin da ke naka shi ne a duba takardarka da adalci kamar ta kowa. Kuɗin da ka miƙa a wannan mataki ba haƙƙinka kake fansa da shi ba, haƙƙin wanda ya fi ka cancanta kake saye. Aya ta 188 a Suratul Baƙara a kan irin wannan ta yi hani, miƙa dukiya ga masu hukunci don a ci rabon mutane. Canza mata suna zuwa "goro" ko "na gode" ba ya canza hukuncinta, don kuwa Ibnul Lutbiyya ma da aka aike shi karɓar zakka kyauta ya kira nasa, Annabi (SAW) bai karɓi wannan uzuri ba.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa ka shiga takara sau da yawa ba ka ci ba. Duk da haka shiga kasuwa ka tambayi farashi da kanka, ka lissafa kuɗin mota da haraji da jinkirin biya, ka ɗora riba wadda ba za ka ji kunyar faɗinta ba. Kada kuma ka karya farashi ƙasa da abin da zai yi aikin don kawai ka ci, da niyyar neman ƙari daga baya ko ka karɓi kuɗin somin aiki ka ɓace, domin wannan ma alkawari ne ka ɗauka kana sane ba za ka cika ba. Ranar buɗe takardu ka je da kanka, ka rubuta farashin kowa. In ka ga an yi maguɗi, dokar ta ba ka damar kai ƙara a rubuce ga shugaban ma'aikatar, in bai yi maka adalci ba ka wuce BPP, daga nan sai babbar kotun tarayya.