Me Fuskar Yaro Take Faɗa?

A shekarar 2018 duniya ta san Kareem Waris Olamilekan, yaro ɗan shekara 11 daga Legas, sa'ad da ya zana Shugaban Faransa, Emmanuel Macron. Cikin ayyukansa akwai zanen wani yaro yana cin abinci da cokali, zufa tana tsiyaya a fuskarsa. Wani mai kallo zai ce wahala yake gani. Wani ya ce murnar samun abinci ce. Mai zanen kuwa ya bayyana cewa zufar alama ce ta faman da mutanen unguwarsu suke sha kafin su ci.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma tambaya aka ce, ba hukunci ba. Sau da yawa abin da yake zuciyar mai kallo shi yake ɗora wa fuskar wani.

Sarki Artashate ya ga fuskar Nehemiya a ɓace. Bai zarge shi ba, sai ya tambaye shi dalili. Daga wannan tambaya aka sāke gina garun Urushalima.

Zane ba ya amsawa, amma yaro mai rai yakan amsa. Idan yaro a Angwan Iya, Keffi, ya dawo daga makaranta ya yi tsit, mahaifinsa yana iya kiransa mai taurin kai, alhali tsoro ne ko yunwa. Mahaifi Kirista yakan zauna, ya tambaya, ya saurara, kafin ya ɗaga bulala.