Ɗan da Wuyansa Bai Tsaya Ba

Ɗana, idan Allah ya ba ka haihuwa, yaro ya kai wata biyar ko shida wuyansa bai tsaya ba, a zaunar da shi ya langaɓe, ko kuwa a ɗaga shi jikinsa ya sandare, ƙafafu su harɗe, hannu kullum a dunƙule, to na san irin maganganun da ke yawo a gidanka ko ban taka zaurenka ba. Gwaggo za ta ce ɗan ruwa ne, wata ta ce uwar ce ta fita da almuru tana da ciki, wani a majalisa ya ce ai shan inna ce, ya kuma san mai magani a bayan gari. Duk masoyanka ne, ba wanda ke nufinka da sharri a cikinsu, kai ma kuma neman mafita kake. Amma ina so ka zauna ka ji ni, domin watannin da za ka ɓatar kana bin waɗannan maganganu su ne mafi tsada a rayuwar yaron nan.

Abin da ke damunsa a mafi yawan lokuta rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun farko, kuma ya faɗa wa ɓangaren da ke sarrafa motsi. Hannun lafiya lau, ƙafar lafiya lau, saƙon da ke zuwa musu daga ka ne ba ya isowa daidai. Wani likitan Ingila, William Little, ya yi bayanin wannan larura tun wajen 1860, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa. A duniya ana samun yaro 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa. Daban take da shan inna, wadda ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda kuma aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin nau'inta. Larurar ɗanka kuwa ba a ɗaukarta, ba ta bin yara a tsakar gida, kuma raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi idan an bar yaro kwance shekara da shekaru ba mai motsa shi.

A ƙasarmu manyan musabbabanta sanannu ne, kuma abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne yawancinsu ana iya tare su. Na farko doguwar naƙuda. Yarinya mai cikin fari ta kwana ta wuni tana fama a ɗaki, kunya ta hana ta ɗaga murya, ungozoma na cewa a ƙara haƙuri, maigida yana kasuwa ba wanda zai ba da izinin fita, har jariri ya fito bai yi kuka ba, jikinsa ya yi shuɗi. Mintunan nan da ya yi bai shaƙi iska ba su ne ake biya daga baya. Kai da ke Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina, ga Asibitin Turai na mata da yara, ga Babban Asibiti, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk tafiyar Keke Napep ce. Mutumin ƙauye yana da uzurin nisa, kai ba ka da shi.

Na biyu shawarar jarirai, kuma a kanta zan daɗe, domin ita ce aka fi rainawa. Jariri ya yi kwana biyu ko uku, idonsa da fatarsa su yi ɗorawa, mai jego na ɗaki mai duhu ba wanda ya lura, in ma an lura sai a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos ko jiƙo, a bari sai an yi suna tukuna. Kafin ranar suna kuwa, abin ya hau ƙwaƙwalwa: yaro ya ƙi nono, ya riƙa kuka mai tsini, yana banƙarewa. Alhali maganin a asibiti sau da yawa fitila ce mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta, in ta yi tsanani a sauya masa jini. Ka riƙa fito da jaririnka haske kullum a makon farko ka duba farin idonsa da kanka, kada ka ce wannan aikin mata ne. Kuma ka raba kayansa da kafur ɗin da ake sawa cikin akwati, domin akwai jariran da yake fasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. Bayan waɗannan akwai sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka har yaro ya yi ta jijjiga, da haihuwar bakwaini. Akwai kuma waɗanda aka yi komai daidai amma Allah ya ƙaddara, likita ma ba zai iya nuna dalili ba.

Larurar ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawa, wajen 8 cikin 10, masu sandarewar jiki ne, wani ɓari guda, wani ƙafafu biyu, wani duka gaɓoɓi huɗu. Wasu jikinsu ke murɗawa da kansa ba su iya tsayar da shi, kuma wannan ya fi bin waɗanda shawara ta taɓa, sau da yawa tare da raunin ji. Wasu kuwa tangaɗi suke yi. Wani yana haɗawa da farfaɗiya, wani da dalalar miyau da wahalar haɗiya. Amma ka kiyaye wannan, ɗana: da yawansu hankalinsu garau yake. Yaron da bakinsa ya kasa furta kalma yana iya fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa, har da ranar da aka ce a shigar da shi ƙurya saboda baƙi sun zo.

Ba zan yaudare ka ba, babu allura ko jiƙon da ke mayar da ƙwaƙwalwar yadda take, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya warkar da shi cikin mako, kuɗinka yake so. Addu'a kam kada ka bari, amma ka haɗa ta da asibiti. Abin da ke aiki shi ne gashi, wato motsa gaɓoɓi da koya wa jiki zama da tsayuwa da riƙo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu gashi a asibiti za su nuna muku yadda ake yi, amma ainihin aikin a gida yake, kullum, safe da yamma, ba gajiyawa. Akwai maganin farfaɗiya da ake sha ba fashi, akwai na sassauta jijiya, akwai takalmin gyaran ƙafa da kujerar da kafinta zai iya haɗawa in an ba shi awo, wani lokaci kuma a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don aiki. A riƙa ciyar da shi a zaune, kansa a miƙe, da abinci mai kauri kaɗan-kaɗan, domin ɗura a kwance na tura abinci cikin huhu.

Sai maganar uwarsa. Na ga gidajen da aka ɗora wa mace laifi, aka ce daga danginsu ne, miji ya janye jiki, wani ma ya sallame ta da yaron a baya. Ita ce ke goya shi yana da shekara bakwai, bayanta na ciwo, ta daina zuwa biki da suna don gudun ido. Na san kai ba haka kake ba, amma shiru ma yana ciwo. Ka karɓi yaron ka ɗauke shi da hannunka, ka fito da shi ƙofar gida ya sha iska cikin yara, ka raka su ranar gashi ka koya kai ma. Idan mutanen unguwa suka ga uba na riƙe da ɗansa ba kunya, bakinsu mutuwa yake. In ya isa makaranta ka kai shi, boko da islamiyya, ko da a keken guragu ne. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, tana bayanka.

In kuma Allah ya kawo wani cikin, ka sa ta fara awo da wuri, ta gaya wa likita abin da ya sami wannan yaron, a duba rukunin jininta da naka, domin akwai saɓanin jini da ke maimaita shawara a haihuwa ta gaba kuma akwai allurar da ke tare shi. Ka ware kuɗin mota tun cikin yana wata bakwai, ka ajiye lambar mai Keke ɗin da zai tashi ko da tsakar dare, ka kuma faɗa wa mutanen gida a gaban kowa cewa in naƙuda ta tashi ba ka nan, ka ba da izini a tafi.