Kowane Yaro Ya Samu Mai Kama Hannunsa

Sannunku da aiki, malaman Ƙanƙara! Sannunku da ƙoƙari, malaman Faskari da na Sabuwa! Ku ne kuka riƙe alli a shekarun da riƙe alli ya zama kasada. Ku ne kuka ci gaba da kiran suna da safe alhali rabin bencina babu kowa, saboda iyaye sun kwashi 'ya'yansu sun yi Funtuwa ko Malumfashi ko birnin Katsina. Wanda bai kwana a bakin dajin nan ba, da wuya ya san nauyin da kuka ɗauka. Yau da ku muke magana, da ku da duk mai neman halaliyarsa a waɗannan ƙananan hukumomi uku, domin akwai sauran aiki, kuma ku ne gwanayensa.

Babu wanda ya manta 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka faɗa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara cikin dare, suka kora ɗaruruwan yara daji. Ranar 17 ga wata aka sako 344, washegari aka kai su Katsina, gajiyayyu, da yawansu ba ko takalmi. Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka rufe makarantun kwana na jiha. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun, bayan an dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni. 'Yan jaridar duniya sun zo, sun ɗauki hoto, sun kama gabansu. Wa ya zauna da yaran bayan an tafi? Wa ya lallashe su suka sake buɗe littafi? Ku ne. To, wanda ya iya wannan, me zai gagare shi?

Katanga tana da amfani, masu gadi suna da amfani, jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktobar 2023 suna kan aikinsu, Allah ya tsare su. Amma akwai inda katanga ba ta kaiwa. Malam, dubi yaron can na bencin baya. Babur ya wuce ta bayan aji da gudu, sai ka ga ya zabura, biro ya faɗi daga hannunsa, idonsa na kan taga, kuma har a tashi darasin bai ƙara jin kalma ɗaya ba. Dubi wancan mai gyangyaɗi tun darasin farko: wataƙila jiya mutanen ƙauyensu a cikin gona suka kwana saboda an ji raɗe-raɗin hari. Dubi yarinyar da a da take rigan kowa ɗaga hannu, yanzu ta naɗe cikin hijabi ta yi tsit tun da aka sayar da gonarsu don biyan kuɗin fansa. Bulala ba za ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ke warkarwa shi ne babba guda da zai kira yaro gefe bayan an tashi, ya zaunar da shi a inuwar dalbejiya, ya ce, "Yarona, me ke damunka?" sannan ya yi shiru ya jira amsa, ko da sai a zama na uku za ta fito. Malamin da ya iya wannan shirun ya riga ya fara aikin ba da shawara, ko da takarda ko babu. Malam, ja shi gefe gobe!

Kada wani ya ce sai an gina ofis an liƙa allo a ƙofa. A tarihin ilimin ƙasar nan, aikin ba ɗalibai shawara ya faro ne a 1959 a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, inda matan cocin Katolika masu kula da makarantar suka gayyato masu sana'o'i daban-daban daga cikin gari don su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin aikin da za su iya kamawa. Mutanen gari ne suka fara. Sai daga baya, a 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantu. Haƙƙin yaranmu ne ke nan, kuma muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da babbar murya: a ba kowace sakandare malamin shawara, a rage masa darussa, domin wanda aka jibga wa azuzuwa daga safe har azahar ba shi da sa'ar da zai saurari kowa. Muna neman wannan, muna kuma aiki kafin ya iso.

Ga wurin da yaranmu suka fi yin asara, kuma a nan ne kalma ɗaya tak ke ceton shekaru. Yaro ya shiga SS1, ba wanda ya tambaye shi me yake son zama, sai ya bi abokinsa ajin da ya ga dama. Bayan shekara uku ya ce likita yake so, alhali bai taɓa zama ajin Kemistiri ba. Wa ya gaya masa JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, kuma mai son likitanci sai da Bayoloji da Kemistiri da Fizik? Wa ya gaya wa mai son lauya cewa sai da Adabin Turanci? Wa ya nanata masa cewa jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi? Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma idan sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardar jarrabawa, ko ranar haihuwa ta bambanta, yaro zai sha zirga-zirga kafin a gyara. Tun 2015 kuma a kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Ka ga ɗan ƙauye mai kaifin ƙwaƙwalwa ya zauna gaban na'ura ranar jarrabawa, ya damƙe linzamin kwamfuta da ƙarfi har hannunsa na rawa, kibiyar tana tsere masa daga wannan kusurwa zuwa waccan, agogo na cin lokacinsa, amsar kuwa tana kansa. Wannan ba rashin ƙoƙari ne ya kayar da shi ba. Kai mai shagon buga takardu a Ƙanƙara, kai ɗan bautar ƙasa mai kwamfutar hannu, kai ma'aikacin sakatariya: yammacin Asabar huɗu kawai, yara biyar-biyar, kowa ya taɓa, kowa ya danna, kowa ya saba. Wannan fa a hannunku yake!

Kuma a daina nuna wa yara ƙofa ɗaya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana nan, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana nan, ABU Zariya ba nisa. Haka ma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da makarantar ungozoma ta Malumfashi, da ta fasahar kiwon lafiya ta Kankiya. Wace ƙaramar hukuma ce a cikin ukun nan ta ƙoshi da malaman asibiti? Wace ce ta ƙoshi da malaman Lissafi? Ma'aikaci daga nesa yana iya neman canjin wurin aiki da ya ji ƙarar bindiga. Ɗan gari kuwa nan ne gidansu, nan zai tsaya. Mu raini namu!

Yanzu gare ku, masu sana'a. Kai bakanike, kai tela, kai kafinta, kai mai walda, kai dillalin hatsi, kai mai saye da sayar da dabbobi a kasuwar Sheme, kai mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, kai direban da ke bin hanyar Funtuwa kullum da addu'a a baki. Kana cewa ba ka yi boko mai zurfi ba, me za ka koya wa ɗalibi? Yara nawa suka shigo shagonka ba su iya riƙe almakashi ba, yau suna da kekensu da yaransu? Wa ya koya musu sammako, da cika alkawari, da yadda ake karɓar faɗan mai kaya ba a zubar da mutunci ba? Riƙon yaro har ya zama mutum gadonmu ne, ubangida da yaronsa, malami da almajirinsa, uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. Abin da ake nema kawai shi ne ka miƙa wannan hannun zuwa makaranta. Ka ɗauki ɗalibi ɗaya. Ka san sunan malamin ajinsa. Duk ƙarshen zango ka ce ya kawo maka sakamakonsa, ka sa a karanta maka idan ta kama. Idan yaron shagonka ɗan makaranta ne, ka hana shi zuwa aiki sai an tashi. Manomin Sabuwa ya san ba a shuka masara a juya baya: akwai firi, akwai maimai, akwai taki, akwai leƙawa safe da yamma. Sa yaro a makaranta shuka ce kawai. Ka koma gonar!

Iyaye mata, malamai mata, nas-nas, ungozomomi, masu ƙuli-ƙuli da masu saƙa, naku aikin ya fi na kowa tsada. Akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. Ba za ta ce ta daina zuwa kwana biyar a wata don makaranta ba banɗaki mai ƙofa ba. Ba za ta ce wani na tare ta a hanya ba. Ke za ta faɗa wa, in kin ba ta fuska. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ya tanadi zama na musamman inda mata ke koya wa 'yan mata dabarun zaman duniya da kula da kai. In ya iso makarantarku, ku shiga da ƙarfinku. In bai iso ba, tabarma biyu a tsakar gidan Hajiya ranar Alhamis da la'asar sun isa a fara. Ungozomar da ta tsaya gaban 'yan SS2 da farin kayanta ta ce, "Ni ma a wannan garin aka haife ni," ta yi abin da wa'azin shekara bai yi ba.

Aiki ne na amana, don haka a yi shi da tsari. Da sanin iyaye, da sanin shugaban makaranta, a fili inda ido ke gani, mata su riƙe 'yan mata. Sirrin da yaro ya ba ka kada ya zama hirar majalisa ko ta teburin mai shayi. In kuwa ka ga abin ya wuce lallashi, yaro ya daina barci, ya daina ci, ko ya faɗa wa ƙwaya, ko yana maganar ya gaji da rayuwa, to a haɗa addu'a da asibiti ba tare da jinkiri ba. Babban asibiti zai duba shi, in ta kama a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Babu abin kunya a nan, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa.

Sai ku 'yan asalin yankin da Allah ya ɗaga, kuna Kano, kuna Kaduna, kuna Abuja, kuna Legas. Jihar da Kwalejin Katsina ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello ba baƙuwar renon manya ba ce. Kuna da zaurukan tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, cike da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi. Ku raba 'yan ajin ƙarshe na tsohuwar makarantarku a tsakaninku, kowa uku. Kira ɗaya a wata ta wayar mahaifi ko ta malamin aji. Kuɗin rajistar maraya ɗaya. In kun zo Sallah, ku ƙara kwana ɗaya ku shiga aji, yaro ya ga da idonsa cewa wanda ya zauna a wannan bencin yau shi ke duba marasa lafiya a babban asibiti.

Shugabannin makarantu, ku buɗe ƙofa. 'Yan kwamitin kula da makaranta (SBMC) da na iyaye da malamai, ku sa wannan a zamanku na gaba. Limamai, ku faɗa a huɗuba. Masu unguwanni da dagatai, ku kira masu sana'ar garinku ku rubuta sunan duk wanda ya amsa. Kai kuma da ke karanta wannan, ranar Litinin kafin ka buɗe shago ka biya ta makarantar unguwarku, ka yi sallama da hedimasta, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wane yaro ne ya fi buƙatar mai tsaya masa? Ba ni shi."