Hakkin Makaho A Kan Mai Ido Game Da Wayar Zamani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tambayar wannan mako ita ce: idan makaho ya miƙa wa mai ido wayarsa ya latsa masa, shin mai idon ya sauke hakkin ɗan'uwansa da zarar ya latsa ya mayar masa da ita?

Asalin maganar shi ne, ƙaramar waya mai maɓallai ta yi wa makafi adalci ba tare da an lura ba. A kan lamba 5 akwai ɗan ƙullutu wanda daga gare shi yatsa ke gano sauran lambobi, saboda haka makaho a Zurmi yakan kira ɗansa da ke Gusau ba da taimakon kowa ba. Ita kuwa babbar wayar da ta yaɗu tun fitowar iPhone a 2007, gilashi ce sumul, ba tudu ba kwari.

Abin ya tsananta a farkon 2023, sa'ad da aka sake takardun Naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya. Wanda ba ya gani, in ya sayi gero a kasuwar Shinkafi, tilas ya faɗa wa ɗan jagora ko mai POS lambarsa ta sirri. Wanda ya ji lambar nan ya ɗauki amana, cin ta kuma haramun ne, ba saɓani. To amma ko da an tsare amanar, sirrin magidanci ya riga ya fita daga hannunsa.

Alhali kuwa maganin yana cikin wayar. Tun 2009 aka sanya VoiceOver a iPhone, da TalkBack a Android, watau muryar da ke karanta wa mutum abin da yatsansa ya taɓa. In ya ƙwanƙwasa sau biyu sai ya buɗe. Ba a biyan ko kwabo. Illa dai muryar galibi Turanci take yi, tana kwaɓa rubutun Hausa, kuma sau da yawa mai wayar bai taɓa jin labarinta ba.

A nan ne ya kamata a tuna da Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Malaman tafsiri sun bayyana cewa a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, kuma abin da ya kawo shi wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman ilmi ne, ba sadaka ba. Daga baya ya yi ladanci tare da Bilalu, an kuma sha wakilta shi a kan Madina. Jama'a sun saba jefa wa makaho wani abu a ƙoƙo, wannan kuwa alheri ne, amma ba shi ne abin da surar ta tsaya a kai ba. Latsa masa waya kullum tamkar sadakar ƙoƙo ce: ta biya bukatar yau, gobe ya dawo.

Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sanya wa hannu a 2019 ta ɗora nauyi a kan hukuma, sai dai doka ba ta zama a zaure ta koyar. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda yana iya kunna wa maƙwabcinsa muryar nan bayan La'asar, ya jure 'yan kwanakin da yatsa zai yi yana ɓata, sa'an nan ya samo masa abin sawa a kunne, domin kada muryar ta karanta wa 'yan kasuwa abin da ke asusunsa.