Wa Ke Ɗaga Jirgi?

Duk wanda ya taso a Wuro Hausa, ko ya saba sauka bakin ruwa a Jimeta, ya san kogin Binuwai fuska biyu gare shi. Da rani ruwa kan tsuke har kwale-kwale ya riƙa laluben hanya tsakanin tuddan yashi. A watannin Agusta da Satumba kuwa sai ya cika ya batse. Wannan ne ya sa jiragen 'yan kasuwa na zamanin Turawa ba su isowa Yola da Garwa sai a watannin cikar ruwa, su sauke gishiri da tufafi, su ɗauki gyaɗa da auduga, su juya kafin ruwa ya janye. Komai ƙarfin injin jirgi, sai kogi ya yarda. Tambayar da muke son mu yi wa kanmu ke nan: idan jirgi ya yi sama, wa ya ɗaga shi?

Amsar ta fi fitowa fili a inda ɗan Adam ya haƙa wa jiragensa hanya ta kan tudu. Tun da jirgi ba ya hawan tudu, sai aka gina masa abin da za mu kira zauren ruwa: wani ɗaki ne dogo mai ƙofa biyu, ɗaya ta ɓangaren ruwan ƙasa, ɗaya ta ɓangaren ruwan sama. Akwai irinsa a madatsar ruwa ta Kainji da aka gama a 1968. Wanda ya fi shahara kuwa shi ne na mashigin Panama da aka buɗe a 1914, inda ake ɗaga jirgi hawa uku, kimanin mita 26, har zuwa tafkin Gatun. Matuƙi zai shiga sannu a hankali, a ɗaure jirginsa da igiya, a rufe ƙofa a bayansa. Daga nan sai a sako ruwa daga sama kaɗan-kaɗan, zaure ya riƙa cika, jirgi na tashi. Ƙofar gaba ba ta buɗuwa, ko ƙarti nawa suka tura ta, sai ruwan ciki ya daidaita da na waje.

A lura, a duk tsawon wannan hawa inji ba shi da aikin yi. Inji na kai jirgi gaba ne kurum. Sama kuwa ruwa ke kai shi, ruwan da ba matuƙi ya tara ba. Haka ɗaukaka take a rayuwarmu. Ƙwazo na iya kai mutum bakin ƙofa, amma abin da ke ɗaga shi tarin wasu ne: uwar da ta sayar da akuyarta don kuɗin makaranta, malamin allo da ya haƙura da taurin kansa, talakan da harajinsa ya gina ajin da ya zauna. Amma sai ka ji wanda ya samu digiri ko kujera yana bugun ƙirji, wai da ƙarfinsa ya kai inda ya kai. Ya tuna ƙugin injinsa, ya manta ruwan da ya shigo shiru ta ƙarƙashinsa.

Wani zai ce, to mene ne laifi, tun da ruwa kyauta ne? A nan kuskuren yake. Kowane jirgi da ya ratsa tsofaffin zaurukan Panama yana cin ruwan daɗi kimanin lita miliyan 200, wanda ke gangarawa teku ba ya dawowa. Da fari ya auka wa ƙasar a 2023, dole hukuma ta rage yawan jiragen da ke wucewa a kowace rana. Ashe hawan kowane jirgi ragi ne a rabon na bayansa. Wanda aka ɗaga, bashi ya ci. Ba zai iya mayar da ruwan ga waɗanda suka zuba masa ba, domin ruwa ba ya komawa tudu. Abin da ya rage masa shi ne ya sako nasa ga mai jira a zauren ƙasa.

Sai kuma gada. Matuƙan ƙananan jiragen shaƙatawa a hanyoyin ruwa na Ingila da Faransa sun san cewa kafin su shiga ƙarƙashin gajerar gada sai sun sauke rumfa, sun sunkuyar da kai. Ko a gadar Jimeta idonmu na nuna mana ƙa'idar: gwargwadon cikar kogi, gwargwadon ƙanƙantar sararin da ke tsakanin ruwa da gada. Wato ranar da ruwa ya fi ɗaga ka, ranar ce ka fi bukatar sunkuyawa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mu kuwa sau da yawa muna durƙusawa ne muna ƙasa, lokacin da babu gadar da za ta taɓa mu, sa'an nan mu miƙe ƙyam bayan mun hau.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya karɓi takardar shaidarsa, ko malami ya zauna sabuwar kujerarsa, ya kamata ya ƙidaya waɗanda suka zuba masa ruwa, ya kuma waiwaya ya ga kwale-kwale nawa ke ɗaure a bayan ƙofa. Makullin ruwan yanzu yana hannunsa.