Yaron da Muke Kira Daƙiƙi



Kowace shekara, idan lokacin jarraba yara masu shirin karɓar Tarayya ta Farko ya zo, mukan zaga ƙananan majami'un ƙauyuka, mu zauna a inuwar mangwaro ko a bakin ƙofar majami'a, katikis ya jera mana yara, mu yi ta tambaya suna amsawa. Waɗanda suka iya hadda sukan wuce da murna, iyayensu mata su tafi wurin tela ɗinka fararen kaya. Waɗanda suka kasa kuwa mukan ce musu su dawo baɗi. A wani ƙauye akwai wani yaro ɗan shekara 13 wanda muka mayar da shi har sau biyu. A karo na uku, tun kafin ya iso gabanmu aka raɗa mana cewa kada mu ɓata lokaci, daƙiƙi ne, kansa ba ya ja. Muka yi masa tambayar farko kanmu yana sunkuye a kan littafin sunaye, bai ce uffan ba. Muka ɗaga kai cikin fushi muka maimaita, sai muka ga idonsa ya kafe a kan leɓunanmu, ya kuma amsa rabin tambayar daidai. Nan jikinmu ya yi sanyi. Muka sa katikis ya zagaya bayansa ya kira sunansa, yaro bai ko motsa ba. Da aka kira mahaifiyarsa, ta ce yana da shekara 6 ya yi ciwon sanƙarau, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma tun daga lokacin ya zama mai taurin kai, a kira shi ya yi kunnen uwar shegu. A asibiti aka tabbatar kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma kaɗan yake ji. Shekara 7 ke nan yana shan bulala a gida, da makaranta, da ajin katikisma, a kan laifin da bai yi ba. Mu ma da hannunmu a ciki, gama mu ne muka rufe masa ƙofar bagade har sau biyu ba mu tambayi dalili ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da muka karanta ƙarshen sura 7 ta Bisharar Markus, wannan yaro muke gani. Kun san labarin: a yankin Dikafolis aka kawo wa Ubangijinmu wani kurma mai nauyin baki, aka roƙe shi ya sa masa hannu. Yesu, wanda ya warkar da bawan jarumin soja daga nesa da kalma kawai, bai yi haka da wannan mutum ba. Ya fara raba shi da taro, ya kai shi inda babu hayaniya, babu masu kallo. Sa'an nan ya taɓa kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya dubi sama. Me ya sa? A ganinmu, domin mutumin ba ya jin magana, sai Ubangiji ya yi masa magana da harshen da yake fahimta, wato na hannu da ido. Kafin ya warkar da shi, ya sanar da shi abin da zai yi masa. Ekklisiya ta riƙe wannan aiki har a cikin tsarin baftismar jarirai, inda firist yakan taɓa kunne da bakin jariri, abin da ake kira Ifata, kalmar Aramaik mai ma'anar a buɗe. Ba mu da ikon mu'ujiza irin tasa, amma janye yaro gefe ɗaya mu duba abin da yake damunsa bai fi ƙarfin kowa a cikinmu ba.

Kalmar daƙiƙi buhu ce da muke zuba yara iri-iri a ciki, mu ɗaure bakinta mu huta. Bari mu kwance ta mu gani. Akwai wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya har jinsa ya ragu. Akwai wanda ba ya hangen allo daga bencin baya, ya ɗauka haka kowa yake gani, don haka bai taɓa yin kuka ba. Wani ƙyanda ce ta taɓa masa ido tun yana goye. Akwai mai amosanin jini, wanda yakan kwanta mako biyu ko uku, ya dawo ya tarar an wuce shi. Akwai mai in'ina, wanda ya san amsa sarai, amma ya gwammace a ce bai sani ba da a yi masa dariya. Akwai bahago da muka yi ta dukan hannunsa har rubutu ya zama masa abin tsoro. Akwai yarinyar da ta zo makaranta bayan ta ɗebo ruwa sau uku, cikinta babu ko koko. A yawancin ikilisiyoyinmu kuma yaro yakan tashi da harshen gidansu, Jju ne ko Tyap ko Berom ko Bachama, ya zo katikisma a yi masa da Hausa, ya je makaranta a yi masa da Turanci. Harshe uku a kan ɗan shekara 7, sa'an nan mu yi mamakin shirunsa!

Akwai wani nau'in da ya fi wuyar ganewa, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kansa. Yaro ne mai wayo, bakinsa da kaifi, a aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai, a ba shi labari sau ɗaya ya maimaita shi kakaf, amma da an sa takarda gabansa sai haruffa su rikice masa. Yakan musanya b da d, ya tsallake layi, ya karanta kalma yau gobe ya manta ta kamar bai taɓa ganinta ba. A Hausa kuma ga ɓ da ɗ da ƙ sun ƙara masa nauyi. Masana suna kiran wannan disleksiya. Ba ciwon ido ba ne, ba ƙarancin basira ba ne, ba kuma lalaci ba ne. Wahala ce ta haɗa sautin magana da harafin da yake wakiltarsa, kuma sau da yawa takan bi jini, a tarar uba ko kawu ma haka ya sha fama. Irin wannan yaro yana iya koyon karatu, amma sai an bi shi sauti bayan sauti, kaɗan-kaɗan, kullum, yana gani yana faɗa yana zana harafin da yatsa a ƙasa. Bulala ba ta koya masa kome sai ƙin takarda. A ɗaya gefen kuma kada mu manta da wanda ya riga kowa ganewa, ya gama aikinsa cikin minti biyar, sa'an nan ya shiga tsokanar na kusa da shi domin zaman banza ya ishe shi. Shi ma muna yi masa hukunci, alhali ƙarin aiki yake bukata.

Game da farfaɗiya dole mu faɗi gaskiya a fili, gama mun ga yaran da aka cire daga makaranta saboda ita. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai maganin asibiti da yake tsayar da faɗuwar ga yawancin masu shansa a kan ƙa'ida. Idan yaro ya faɗi, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome. Ku kawo shi mu yi masa addu'a, wannan aikinmu ne, amma daga nan ku wuce da shi wurin likita.

Tarihin Ekklisiyarmu da kansa yana ba mu kunya a wannan al'amari. Waliyyi Yohanna Vianney, wanda Fafaroma Pius na 11 ya naɗa majiɓincin firistocin ikilisiya a 1929, ya fara karatun firist yana kusan shekara 20, Latin kuwa ya ƙi shiga kansa, har aka sallame shi daga babbar seminari ta Liyon a Faransa. Wani firist guda, Fada Balley, shi ne ya ƙi yarda da wannan hukunci, ya ɗauke shi gida ya koya masa da Faransanci, har aka naɗa shi firist a 1815. Mu da muka zauna a bencin seminari mun san da wuya a ce za mu ba irin wannan ɗalibi dama ta biyu. Waliyyiya Banadet ta Lurdes, a 1858, tana da shekara 14, ba ta iya karatu ba, ba ta kuma karɓi Tarayya ta Farko ba, domin ana koyar da katikisma da Faransanci, ita kuwa yaren ƙauyensu take ji. Ita ce Uwarmu Maryamu ta zaɓa, da wannan yare kuma ta yi mata magana. Wajen 1760, a birnin Paris, Fada de l'Épée ya gamu da wasu 'yan mata biyu kurame, 'yan'uwan juna, suna magana da hannu. Maimakon ya hana su, sai ya zauna ya koya daga gare su, ya buɗe makarantar kurame kyauta a gidansa. Luwi Braille kuwa, wanda ya makance tun yana ƙarami bayan ya soki idonsa da kayan aikin dukanci na mahaifinsa, firist ɗin ƙauyensu ne ya fara koya masa, ya kuma nema masa wurin zama a makaranta. Yana da shekara 15, a 1824, ya tsara rubutun ɗigo shida da makafin duniya suke karatu da shi har yau.

A ƙasarmu 'yan'uwanmu na wasu ɗariku sun riga mu a wannan gona, kuma ya kamata mu faɗa. Mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar yara makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da maganar hannu tasu tun da daɗewa, harshe cikakke wanda suke ciniki da hira da faɗa da shi. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa mai hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su hakkin ilimi. Amma doka tana Abuja, yaro kuwa yana bencin baya na ajinmu.

Sai mu dawo kan abin da ya fi shafar mu kai tsaye, wato bagade. Me Ekklisiya take nema daga yaro kafin ya karɓi Yukaris? Tun 1910 Fafaroma Pius na 10 ya yanke cewa yaro zai iya karɓa daga wajen shekara 7, kuma ba a bukatar ya san dukan koyarwa; ya isa ya san ainihin abubuwan bangaskiya gwargwadon ƙarfinsa, ya kuma bambanta Jikin Kristi da gurasar yau da kullum. Dokar Ekklisiya ta 1983, a sashe na 913, ta nemi a shirya yaro da kyau har ya fahimci asirin Kristi daidai da iyawarsa, a sashe na 777 kuma ta ɗora wa firist ɗin ikilisiya nauyin ganin an koyar da masu naƙasa ta jiki ko ta hankali iyakar yadda halinsu ya ba da dama. Babu inda aka ce sai wanda ya haddace littafin tambaya da amsa daga bango zuwa bango. Hadda abu ne mai kyau, mu ma da ita muka tashi, ba kuwa za mu yar da ita ba. Amma mun sha wuce yaron da ya rera amsa kamar aku bai san abin da yake faɗa ba, muka mayar da wanda in ya shiga majami'a yakan durƙusa ya nuna akwatin Yukaris da yatsa, ya sa hannu a ƙirji. Wanne ne a cikinsu ya bambanta?

Ba mu manta da halin da malamanmu suke ciki ba. Wanda aka ba shi yara 80 a aji ɗaya, albashi kuma yana zuwa a makare, ba za mu tsaya a kan mumbari mu ce ya zama likita da uwa da uba ga kowannensu ba. Duk da haka akwai abin da ba ya cin kwabo. A sa mai raunin ji ko gani a bencin gaba. Malam ya fuskanci yara sa'ad da yake magana, kada ya yi bayani yana kallon allo. A bar mai in'ina ya gama maganarsa, kada a ƙarasa masa. Wanda rubutu yake ba shi wuya, a jarraba shi da baki a ga abin da ya sani. A haɗa mai sauri da mai jinkiri su yi aiki tare, gama yaro yakan ji bayanin ɗan'uwansa yaro fiye da namu. Iyaye kuma, kafin ku ɗaga sanda, ku yi abin da katikis ɗinmu ya yi: ku tsaya a bayan ɗanku ku kira shi a hankali, ku rufe masa ido ɗaya ku nuna masa abu daga nesa. Wanda kuka ɓoye a ɗaki saboda kunyar mutane, ku fito da shi ranar Lahadi. An yi masa baftisma ɗaya da tamu, wurin zamansa yana nan.

Yaron nan na ƙauye, wata mata daga Zumuntar Mata ce ta ɗauki nauyinsa. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Takan zaunar da shi gabanta da yamma bayan an dawo gona, fuska da fuska, a wajen kunnensa mai ji, da hotunan Hanyar Gicciye da ta aro daga majami'a. Cikin wata huɗu ya karɓi Tarayya, shi ne mafi tsawo a layin masu fararen kaya.

Muna roƙon kowane katikis, kafin jarrabawa ta gaba, ya rubuto mana sunayen yaran da aka taɓa mayarwa ko da sau ɗaya ne, da waɗanda suka daina zuwa aji gaba ɗaya, ko da yanzu sun zama samari da 'yan mata. Za mu gan su ɗaya-ɗaya tare da iyayensu, ba a gaban taro ba. Wanda ya bukaci gwajin kunne ko na ido, kwamitin ikilisiya ya duba yadda za a taimaka da kuɗin mota zuwa asibiti.